Bakof Ɗin Da Ba A Taɓa Gwada Buɗewa Ba, Sunansa Zato

Duk wanda ya taɓa ɗan zama a shagon gyaran waya ko na kwamfuta a Gusau ya san koke iri biyu da ake yawan kawowa. Na farko na wanda wayarsa ta faɗa ruwa ne, ko aka ɗauke masa laftof, alhali bai taɓa kwafe komai ya ajiye a wani wuri ba. Wannan ya san inda ya yi sake, yakan yi salati ya haƙura. Na biyun ya fi ciwo, domin na mutumin da ya yi abin da aka ce a yi ne. Ya kwafe fayilolinsa a faifai, ko a filas, ko a rumbun nan na waje da ake kira estanal, ya adana a durowa. Ranar da kwamfutar ta mutu ya ɗauko shi hankali kwance, aka saka, ya ƙi buɗewa.

An daɗe ana yi wa masu waya da kwamfuta wa'azin su riƙa yin bakof, wato kwafin ko-ta-kwana na abin da ke cikin na'urarsu. Wa'azin gaskiya ne, sai dai rabinsa kawai ake faɗa. Amfanin bakof yana ranar da aka zo maido da shi ne. Kwafin da ba a taɓa gwada buɗewa ba, babu wanda ya san ko yana aiki, har da wanda ya yi shi. A jiha irin Zamfara kuwa, inda ake fama da zafi da ƙura da ɗaukewar wuta, inda kuma aka taɓa rufe sabis ɗin waya ɗungurungum, wannan rabin da ba a faɗa shi ne ya fi muhimmanci.

Abin da ke cikin waɗannan na'urori ba ƙarami ba ne. Furojet ɗin ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Gusau da ya ci wata shida yana rubutawa. Bidiyon bikin da mai kyamara ya riga ya karɓi kuɗinsa bai miƙa ba. Takardun kwastomomi a shagon buga takardu a Tsafe. Lissafin bashin da mai POS a Bungudu ke rubutawa a wayarsa. Hoton takardar gona, da sakamakon WAEC, da silif ɗin NIN. Wani ma saƙon murya ne na mahaifinsa da ya rasu, wanda babu shagon da zai sake ɗauko masa shi ko nawa zai biya.

Me ya sa faifai ke ƙin buɗewa?

Faifan CD yana ɗaukar megabait 700, DVD na yau da kullum kuma gigabait 4.7. Yawancin bidiyon biki da hotunan suna da aka ɗauka shekara goma ko sha biyar da suka wuce a kansu suke har yanzu. Faifan da aka buga a masana'anta daban yake da wanda aka ƙona a shago. Na shago, wato CD-R da DVD-R, yana da wani siririn shafen rini a cikinsa, wanda hasken leza ke ƙonawa ya bar tabo-tabo, kuma tabon nan su ne bayanan. Zafi da hasken rana da laima duk suna lalata rinin. Faifan da ya yi bazara biyar a ɗakin kwano, inda zafin Maris da Afrilu ke haura digiri 40, yana iya fitowa fes a ido amma cikinsa ya dusashe.

Akwai kuma kuskuren da ake yi game da ƙarzuwa. Jama'a suna lallaɓa gefen faifai mai sheƙi, su yi rubutu da biro a ɗaya gefen. A faifan CD, bayanan sun fi kusa da gefen da ake rubutu a kai, don haka ƙarzuwa a nan ta fi ɓarna. Wajen gogewa kuma, da tsumma mai laushi ake yi, daga ramin tsakiya zuwa baki a miƙe. Goge shi zagaye-zagaye yana iya jan ƙarzuwa a kan layin da bayanan ke bi, ya ƙara dagula lamarin.

Wani lokacin faifan lafiyarsa ƙalau, na'urar karantawar ce ta gaji. Ƙurar hunturu tana zama a kan ɗan idon da ke karanta faifai, sai ya daina gani sosai. Shi ya sa matakin farko, kafin a yanke ƙauna, shi ne a gwada faifan a kwamfuta biyu ko uku daban-daban. Faifan da wata na'ura ta ƙi, wata takan karanta shi. A nan ma akwai abin lura: laftof ɗin yanzu galibi ba sa zuwa da wurin saka faifai. Wanda duk tarihin gidansu ke kan DVD, shekara kaɗan nan gaba neman na'urar da za ta karanta masa ma aiki ne.

Dalili na uku shi ne faifan da ba a rufe ba. Windows takan tambayi mai ƙona faifai ko yana so ya yi amfani da shi kamar filas, yana ƙara fayil a duk lokacin da ya so, ko kuma a ƙona shi gaba ɗaya a rufe. Idan aka zaɓi na farko, aka kuma zare faifan ba a rufe zangon ƙonawar ba, yana iya buɗewa a kwamfutar da ta ƙona shi, amma a wata ya nuna kamar babu komai a ciki. Mutum zai rantse ya ga fayilolin da idonsa, kuma gaskiya ya faɗa. A kwamfutar da yanzu ta mutu ya gan su.

Na huɗu ya shafi waɗanda suka yi amfani da manhajar bakof ta Windows 7, wadda har yanzu tana nan a Windows 10 da 11. Wannan manhaja ba ta ajiye fayiloli a fili yadda aka saba ganinsu. Tana cusa su ne cikin ƙunsassun fayilolin ZIP masu yawa, a cikin folda mai sunan tsohuwar kwamfutar, tare da wani ɗan ƙaramin fayil mai suna MediaID.bin da take gane ajiyar da shi. Idan wani ya goge wannan ɗan fayil don yana ganin tarkace ne, ko ya kwafe foldar kaɗai ya bar shi, sai manhajar ta ce ba ta ga wani bakof ba. Labari mai daɗi shi ne fayilolin suna nan. Ana iya shiga foldar a buɗe ZIP ɗin ɗaya bayan ɗaya a kwashe abin da ke ciki da hannu. Idan kuma hoton kwamfutar gaba ɗaya aka ɗauka a kan faifai da yawa, faifan ƙarshe Windows ke fara nema. Wanda bai rubuta lamba a kan faifansa ba, ko ya ɓatar da na ƙarshen, ya shiga uku.

Filas, memori da estanal ma suna da nasu

Kasuwa cike take da filas da memori na jabu. An rubuta 64GB a jiki, kwamfuta ma ta nuna 64GB, amma ainihin abin da ke ciki bai wuce 8GB ba, an yi wa ƙwaƙwalwarsa dabara ne ta riƙa faɗin ƙarya. Irin wannan yana karɓar duk abin da aka zuba masa ba musu. Sunayen fayiloli za su fito reras, amma duk abin da ya wuce ainihin girmansa ya tafi. Ranar da aka buɗe hoto sai a ga toka-toka, bidiyo ya ƙi tashi. Babu manhajar da za ta dawo da abin da ba a taɓa rubutawa ba. Manhajar H2testw ta kyauta tana cika filas da bayanai ta sake karantawa, ta faɗi gaskiyar girmansa. Sa'a ɗaya ko biyu ta wannan gwaji ranar da aka saya ta fi shekarar nadama.

Ko na gaskiyar ma ba na har abada ba ne. Filas da memori suna riƙe bayanai ne da ɗan cajin lantarki a cikin ƙwayoyinsu, kuma cajin yana zurarewa sannu a hankali idan an daɗe ba a jona su ba, musamman a wuri mai zafi. Estanal mai faifan ƙarfe da ke juyawa a ciki kuwa, faɗuwa ɗaya daga kan tebur yana aiki ta isa ta gama da shi. Haka ɗaukewar wuta ana tsakiyar kwafi a kwamfutar tebur, ko laftof ɗin da batirinsa ya mutu yake dogara da Nepa, tana iya barin fayil rabi da rabi.

Sai kuma cutar nan da duk wanda ya taɓa kai filas shagon buga takardu ya sani, wadda ke mayar da foldoji su koma gajerun alamomi masu ɗan kibiya a jiki. Mutane da yawa suna ganin haka sai su yi wa filas ɗin fomat, alhali fayilolin ɓoye su kawai aka yi. Bayan an share cutar da manhajar kariya, umarni ɗaya a Command Prompt yana fito da su: attrib -h -r -s /s /d E:\\*.* inda E ke matsayin harafin da kwamfuta ta ba filas ɗin.

Wadda ta fi wannan muni ita ce cutar da ke kulle fayiloli ta nemi kuɗin fansa. Dangin da ake kira STOP ko Djvu sun fi shiga ta manhajojin sata da ake saukewa kyauta, irin waɗanda masu haɗa hoto da bidiyo ke yawan nema. Tana kulle duk abin da ta samu a kwamfuta, har da estanal ɗin da ke jone a lokacin. Wanda ya bar estanal ɗinsa a jone dare da rana, ranar da cutar ta shigo zai rasa asali da kwafi a tare.

Ranar da abin ya faru, gaggawa ce babbar abokiyar gaba

Yawancin fayilolin da ake rasawa har abada, a sa'ar farko bayan an gano matsala ake rasa su, kuma da hannun mai su ko na mai gyara. Windows za ta fito da saƙo cewa sai an yi wa rumbun fomat kafin a iya amfani da shi, mutum a ruɗe ya latsa amincewa. Wannan saƙo yana nufin kwamfuta ta kasa karanta jadawalin da ke nuna inda kowane fayil yake ne kawai. Fayilolin kansu sau da yawa suna nan daram.

Tsarin da ya dace mai sauƙi ne. Da farko a daina rubuta komai a kan na'urar da ta samu matsala, domin duk sabon fayil yana iya hawa kan tsohon da ake nema. Na biyu, a canza abubuwa masu araha: wata igiyar USB, wata ƙofar jonawa, wata kwamfutar. Na uku, idan na'urar tana buɗewa amma tana tsayawa a tsakiyar kwafi da saƙon kuskuren CRC, a fara kwashe abin da ya fi muhimmanci folda-folda, kar a zaɓi komai a lokaci ɗaya fayil guda ya tsayar da tafiyar. Na huɗu, idan estanal yana ƙara ƙas-ƙas-ƙas, a kashe shi nan take, domin kowane juyi yana ƙara ƙarzar cikinsa.

Masu gyara da suka san aikinsu sukan fara ɗaukar hoton rumbun gaba ɗaya zuwa wani lafiyayye, da manhaja irin ddrescue ta Linux, wadda ke kwashe wuraren da ke karantuwa tukuna sannan ta koma kan masu wuya. A kan wannan kwafin ake gwaje-gwaje. TestDisk tana gyara jadawalin da ya rikice, PhotoRec kuma tana tono hotuna da bidiyo da takardu ko da jadawalin ya tafi, sai dai takan dawo da su babu sunayensu na asali. Dukkansu kyauta ne. Sharaɗi guda shi ne abin da aka tono a zuba shi a wata na'urar daban. Mai gyaran da ya fara da fomat, ko ya ɗora sabuwar Windows a kan rumbun da ake neman fayiloli a ciki, ya kamata a karɓe na'urar daga hannunsa cikin mutunci.

Masu waya kada su ce wannan matsalar 'yan kwamfuta ce

Mai Tecno ko Infinix ko itel yana iya cewa shi bai ma taɓa riƙe faifai ba. To nasa tarkon ya fi ɓoyuwa. Tun daga Android 6 ta shekarar 2015, wasu wayoyi suna tambaya ko a mayar da memori ya zama wani ɓangare na ma'adanar wayar. Wanda ya amince, wayar takan kulle memorin da makullin da ita kaɗai ke riƙe da shi. Ranar da wayar ta mutu, ko aka yi mata filashin, memorin ya zama ɗan roba kawai: wata waya ba za ta karanta shi ba, kwamfuta ma haka. Mutum yana zaton hotunansa suna kan memori don haka sun tsira, ashe tare da wayar suke rayuwa, tare za su mutu.

Wayoyin da suka fito da Android 10 zuwa sama kuwa a kulle ma'adanarsu take tun daga kamfani. Idan aka mayar da waya yadda ta fito daga kwali, makullin ya goge, kuma manhajojin da ake tallatawa cewa suna dawo da komai ba za su iya ba. Laftof ma ta bi sahu: Windows 11 takan kulle rumbu da BitLocker, makullinsa mai lambobi 48 yana ajiye a asusun Microsoft ɗin da aka buɗe kwamfutar da shi. Idan mai shago ne ya saita ta da asusun da mai ita bai sani ba, ranar da aka ciro rumbun don a ceto fayiloli za a tarar da ƙofa a rufe.

WhatsApp ma haka. Kafin hirarraki su dawo daga Google Drive, sai an haɗa abu biyu: lambar wayar da aka yi bakof da ita, da asusun Google ɗin da aka ajiye a ciki. Matasa nawa ne a shagon sayar da waya aka buɗe musu imel, ba su san kalmar sirrinsa ba? Nawa ne layinsu ya tafi a rufe-rufen haɗa layi da NIN, wanda wa'adinsa na ƙarshe ya cika a Satumbar 2024? Ga shi kuma daga farkon 2024 bakof ɗin WhatsApp yana cin gigabait 15 ɗin da Google ke bayarwa kyauta, tare da Gmail da Google Photos. Idan wurin ya cika, bakof yana tsayawa, mai waya bai lura ba sai ranar da ya sayi sabuwa ya ga hirarrakin bara ne suka dawo. Wanda kuma ya kunna kulle bakof da kalmar sirri ko makulli mai lambobi 64, tsarin da WhatsApp ya kawo a Oktobar 2021, idan wayar ta tafi ya kuma manta kalmar, kamfanin da kansa ba zai iya buɗe masa ba.

"To ai sai a zuba komai a intanet"

Wannan ita ce amsar da ake saurin bayarwa, kuma tana da ƙarfi. Rumbun Google ko na Microsoft ba ya jin zafin Afrilu, ɓarawo ba ya ɗauke shi tare da jaka, gobarar shago ba ta kai gare shi. Duk mai waya ya kamata ya kunna shi. Amma mutumin Zamfara yana da dalilin da ba kowa ke da shi ba na ƙin dogara da shi shi kaɗai.

A ranar 3 ga Satumba, 2021, hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su rufe sabis a duk faɗin jihar, bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle, a matsayin matakin yaƙi da 'yan bindiga. Mako biyu aka ce da farko. Birnin Gusau bai samu sabis ba sai farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomi kuwa sai ƙarshen Nuwamba aka sanar da ɗage musu, kusan wata uku ke nan. Masu bin hanyar Tsafe zuwa Funtuwa don su kira waya ma ba su daɗe suna morewa ba, domin Katsina ta bi sahu ta rufe sabis a ƙananan hukumomi 13, har da Funtuwa. Ko matakin ya yi amfani ta fuskar tsaro, wannan muhawara ce ta daban. Abin da ya shafi wannan batu shi ne, a waɗannan makonni, duk wanda takardunsa ke Google Drive kaɗai, daidai yake da wanda ba shi da su. Wanda wayarsa ta lalace a lokacin ba shi da hanyar karɓar lambar tabbatarwa, balle ya maido da wani abu. Wanda ke da kwafi a filas ko estanal a ɗakinsa shi ne ya ci gaba da aiki.

Ko babu rufe sabis, akwai lissafin data. Ɗora hotuna kaɗan-kaɗan kullum ba ya jin jiki, amma sauke gigabait 100 na bidiyon biki a rana ɗaya, da sabis ɗin ƙauye, bayan ƙarin kashi 50 cikin ɗari na kuɗin kira da data da NCC ta amince da shi a Janairun 2025, wani abu ne daban. Google kuma ya fara aiki da dokar goge asusun da ya shekara biyu ba a taɓa shi ba tun Disambar 2023. Rumbun intanet da na cikin ɗaki kowanne yana toshe ɓarakar ɗan'uwansa ne, shi ya sa ake buƙatar duka biyun.

Manya ma sun sha wannan kaye

Kada wani ya ɗauka rashin ilimi ne ke jawo haka. A ranar 31 ga Janairu, 2017, wani injiniyan kamfanin GitLab, inda dubban masu rubuta manhaja ke ajiye ayyukansu, ya goge kusan gigabait 300 na bayanan kwastomomi bisa kuskure. Kamfanin yana da hanyoyin bakof har biyar. Da aka zo maidowa, babu wadda ta yi aiki yadda aka zata. Ɗaya ta daɗe da daina aiki a shiru, saƙonnin gargaɗin da take turawa kuma ba sa isa ga kowa. Abin da ya cece su kwafi ne da wani ya ɗauka da hannu sa'a shida kafin nan, kuma bayanan waɗannan sa'o'i shida sun tafi.

A 1998, kamfanin Pixar na Amurka ya goge kusan kashi 90 cikin ɗari na aikin fim ɗin Toy Story 2 da umarni ɗaya, aka duba bakof aka tarar ya lalace. Kwafin da ke kwamfutar gidan wata ma'aikaciyarsu, Galyn Susman, wadda ke aiki daga gida bayan ta haihu, shi ne ya dawo da fim ɗin. A ranar 10 ga Maris, 2021 kuma, gobara ta cinye ɗaya daga cikin cibiyoyin ajiyar bayanai na kamfanin OVH a birnin Sitirasbog na Faransa, wasu kwastomomi suka gano cewa bakof ɗin da suke biya wa kuɗi a wuri ɗaya yake da asalin, duka sun ƙone. Idan gemun irin waɗannan ya kama da wuta, mai shago a Tsafe sai ya shafa wa nasa ruwa.

Abin da ya kamata ya zama al'ada

Masana harkar suna da ƙa'idar da ake kira 3-2-1, wadda wani mai ɗaukar hoto ɗan Amurka, Peter Krogh, ya yaɗa: kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani wuri daban. Za a ce wannan na masu kuɗi ne. Amma ba komai ne ke buƙatar kwafi uku ba. Finafinai da waƙoƙi ana sake samunsu ta Xender a majalisa. Abin da ba ya sake samuwa, wato takardu da lissafi da hotunan iyali da aikin makaranta, a wurin yawancin mutane bai kai gigabait 10 ba. Wannan zai shiga waya, ya shiga filas na gaskiya ta ɗan mahaɗin OTG, ya kuma shiga Google Drive na kyauta. Kwafi uku ke nan. Filas ɗin kuma kada ya kwana a jaka ɗaya da wayar. Mai zama a Gusau yana iya barin ɗaya a gidansu a Bungudu ko Kwatarkwashi, ya riƙa sabunta shi idan ya je gaisuwa.

Sai rabin da aka saba mantawa, wato gwaji. Manomi ba ya rufe rumbu bayan kaka ya ce sai damina, yakan leƙa ya ga ko gara ko ƙwaro sun shiga. Sau ɗaya a wata, ko aƙalla duk wata uku, mutum ya ɗauki filas ɗinsa ya jona a na'urar da ba tasa ba, ya buɗe fayil biyar ko goma daga foldoji daban-daban, tsoho da sabo. Bidiyo a ja shi zuwa ƙarshe a ga yana tafiya. A shiga saitin WhatsApp a duba kwanan watan bakof na ƙarshe da girmansa. A gwada shiga asusun Google daga wata wayar, a tabbatar ana tuna kalmar sirri, a kuma rubuta ta a takarda a adana tare da takardun makaranta. Masu tsofaffin faifan biki kuma su kwashe su zuwa estanal tun ana samun na'urar da ke karanta su. A fi son kwafi na fili, wanda kowace kwamfuta za ta buɗe, a kan wanda sai da wata manhaja ta musamman.

Masu shaguna ma suna da nasu nauyin. Mai ɗaukar bidiyo kada ya goge katin kyamara sai ya kalli abin da ya kwafa. Mai sayar da waya da ya buɗe wa kwastoma imel ya rubuta masa adireshin da kalmar sirri a takarda ya damƙa masa. Mai gyara kuma kafin ya yi filashin ko fomat ya tambaya a fili: "Alhaji, akwai abin da ba ka da kwafinsa a ciki?" Tambayar ba ta cin minti ɗaya, amma tana raba mutum da asarar shekaru.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da waya ta mutu ko kwamfuta ta ƙi tashi, lokacin gano ko bakof yana aiki ya riga ya wuce. Mai karatu da ke da filas ko faifai a durowa, yau ce ranar da ya dace ya ɗauko shi ya jona, tun asalin yana nan da ransa, domin idan kwafin ya ƙi buɗewa yau, sake yin wani kawai zai yi.